Jarumin Da Fim Ya Warware Wa Harshe

Tun ina ƙarama Inna take cewa rabon maganar mutum biyu Allah ya haɗa ya ba ni, nawa da na Yaya. Ba ƙarya ta yi ba. Ni bakina ba ya jiran shawarar kaina. Shi kuwa yayana in'ina ce da shi, irin mai nauyin nan da kalma za ta zo bakin leɓe ta tsaya cak, jijiyar wuyansa ta miƙe, idanunsa su rufe, kafin Allah ya fito da ita. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma mu biyu ne kaɗai muka rayu a wurin Inna. Ina 'yar firamare Baba ya rasu, don haka duk abin da uba yake yi wa 'yarsa, Yaya ne ya yi min. Shi ya kai ni makarantar kwana a bayan babur, akwatin ƙarfe ɗaure a bayanmu, shi ya riƙa kai min garin kwaki da ƙuli-ƙuli ranar ziyara.

Zan rubuta maganarsa a nan a miƙe, ba tare da yanke-yanke ba, don ni a haka nake jin ta.

Gidanmu yana cikin Kazaure, a gindin dutse, kuma akwai shago a jikin zaurenmu. Wani dattijo Kirista mutumin Filato ne ya yi shekaru yana haya a ciki, yana gyaran rediyo da talabijin. Wurinsa Baba ya kai Yaya koyon aiki, wai sana'a ce da hannu yake magana ba baki ba. A ƙarƙashin teburin mutumin akwai wani kwali cike da littattafan zane na Turanci, waɗanda ake ce wa komik. A gwanjo yake tsinto su duk sanda ya shiga Kano sayen kayan aiki. Mafi yawansu labarin jarumai ne masu tashi sama da masu fitar da wuta ta hannu. Amma akwai wasu 'yan ƙalilan na wani jarumi daban, su ya ware ya miƙa wa Yaya.

Wannan jarumin lebura ne, mai ɗaukar bulo a wani birnin Turawa. Baiwarsa guda ɗaya ce tak: in gini zai rufta, sai ya shiga ya tallafe shi da gadon bayansa har kowa ya fice. Ba ya tashi sama, ba shi da wata rigar ƙarfe, kayan aikinsa ne a jikinsa da ƙyalle a fuska. Kuma yana in'ina. Da ƙyallen da babu ƙyallen, in'inar tana nan. Akwai wani shafi da har gobe zan iya zana shi ido rufe. Bene yana kansa, ƙura tana zuba, yana so ya gaya wa mutane ƙofar da za su bi, kalmar ta maƙale. Mai zanen bai taimake shi ba ko kaɗan. Hoto bayan hoto ya jera, baki a buɗe, gurbin maganar fari fat babu komai, mutanen sun zuba masa ido suna jira. Sai a can ƙasan shafin kalmar ta fito, suka bi ta suka tsira.

Mai rediyo yakan sa Yaya ya karanta masa da ƙarfi yana aikinsa. In Yaya ya maƙale, mutumin ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ci gaba da narka dalmarsa har kalmar ta fito da kanta. A cikin gida kuwa akasin haka ne. Inna saboda tausayi ba ta taɓa barinsa ya kai ƙarshen zance. Kafin ya gama buɗe baki ta ce, "Ruwa? Ga shi." Ko kuma, "Za ka fita? A dawo lafiya." Haka ta yi masa tun yana yaro har ya yi gemu, shi kuma bai taɓa nuna mata ya damu ba. Da mai rediyo ya tsufa zai koma garinsu, sai ya bar wa Yaya kwalin dungurungum. Turancin da na koya a kwalin nan ya fi wanda na koya a aji.

Shekarar da aka sa ranar aurena, Yaya yana da shagonsa na gyaran waya a kusa da tasha, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Roni, kullum ina hanya. Wata ranar Asabar na biya ta shagon, sai yaron da ke tura wa mutane finafinai a waya, wanda shagonsa ke jikin na Yaya, ya ce min wani sabon fim ya shigo, har an fassara shi da Hausa, gari ya ɗauka. Ya nuna min hoton. Kai! Sai da na yi tsalle a gaban mutane, ni da ake kira Malama. Jaruminmu ne. Sun sa masa wata riga mai ƙyalli kamar sabon kwanon sha, amma ga benen nan a bayansa, ba na ko tantama.

Na sa aka tura min, na ja Yaya muka zauna a benci bayan la'asar, waya ɗaya a tsakaninmu.

Da farko sun bar masa in'inar. Sai dai mai fassarar, irin masu cusa barkwancin nan ne a inda babu shi, ya mayar da ita abin dariya. Akwai inda leburan ya gaji yana neman a ba shi ruwa, sai mai fassarar ya ja kalmar, ya lanƙwasa ta, ya ƙara da wani kukan akuya a ƙarshe. Na saci kallon Yaya. Fuskarsa ba ta canja ba. Muka ci gaba. Da aka zo inda ƙarfin ya shige shi, sai ga jarumi ya miƙe yana zuba magana tar-tar, babu ko gargada. Masu fim ɗin sun warware masa harshe. Mai fassara kuwa ya ɗora nasa a kai, da murya mai daɗi, ya ce, "Allahu akbar, yau dai ya zama mutum!"

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Na kashe wayar. Yaya ya ce, "Kunna mana, ba a gama ba." Haka ya kalle shi har ƙarshe, ya miƙo min wayata, ya koma kan aikinsa.

Kafin mako ya zagayo, wannan neman ruwan ya zama waƙar gari. Yara a bakin famfo shi suke yi. 'Yan acaɓa in za su sayi ruwan leda shi suke yi. Har a ajina na ji wani ɗan mitsitsin yaro ya yi, sauran suka bushe da dariya, ranar sai da shugaban makaranta ya zo ya ba ni haƙuri saboda yadda na ɗaga murya. Akasarinsu ba da Yaya suke ba, ba su ma san shi ba. Amma a bakin tasha an san shi. Matarsa ta faɗa min cewa akwai masu wucewa ta gaban shagon su yi abin, su ƙara sauri.

A gaban shagon akwai majalisar samari, kuma kowa a cikinta ya zama malamin fim. Duk sanda na biya sai an tsokano ni, don sun san ni kaɗai ce mai kare littafin, ni kuma ba na iya wucewa. Wani ya ce jarumin da ba ya iya ba da umarni ai ba jarumi ba ne. Wani ya ce rigar fim ɗin ta fi, wa zai biya kuɗi ya kalli lebura da yagaggen wando? Akwai wani Bafulatani ɗan wajen Babura da yake kawo cajin waya ranar kasuwa, shi kaɗai ya ɗan karkato wajena. Ya ce shi bai ga littafin ba, amma in ka sayi saniya mai karyayyen ƙaho aka kawo maka mai ƙaho biyu, ko ta fi kyau, ba taka ba ce. Na ce Allah ya yi maka albarka. Na ce musu har a can ƙasar da aka yi fim ɗin, masu karatun littafin suna ta wannan faɗan a intanet, na gani da idona. Suka ce to su ma ba su da aikin yi, kamar ni.

Duk wannan hayaniyar Yaya yana ciki, kansa a sunkuye kan wata buɗaɗɗiyar waya, bai taɓa sa baki ba.

Wanda zan aura malamin gona ne a Gwiwa, mutum mai sanyi, kuma mayen finafinan nan ne na ƙarshe. Da ya zo zance wata ranar Juma'a da yamma, ban bari ya gama gaisuwa ba na tare shi da maganar.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni fa gani na yi alheri suka yi masa. Mutum yana da lalura an yaye masa, mene ne laifi?"

Na ce, "Wato kafin a yaye masa ba mutum ba ne?"

"Wannan mai fassara ne ya faɗa, ba ni ba."

"Amma ka yi dariya."

Bai musa ba. Na shiga gida na ɗauko littafin da ke da wancan shafin, na dangwara masa a cinya. Na ce ya je ya karanta, kuma ya gaya wa abokansa cewa yayana ne zai ba da aurena, in na ji ko tari daga wajensu, su da ni ne. Ya ce shi ba zai iya ɗaure bakin jama'a ba. Na ce to ya koyi ɗaurewa kafin ranar. Muka rabu ba daɗi, ko rakiya ban yi masa ba.

Ashe maganar ba daga wajen abokan ango za ta ɓullo ba, daga cikin gida ne.

Baba ba shi da ɗan'uwa shaƙiƙi da ya rage, don haka Yaya ne waliyyina, babu wanda ya yi musun wannan. Amma akwai wani ɗan baffan Baba a Roni, muna ce masa Baffa, dattijo mai son a yi komai a tsari. Ya zo ganin shirye-shirye, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Yaya ya zauna a ƙasa gefensa, ni ina bakin ƙofar ɗaki. Bayan an gama maganar abinci da rumfa, sai ya gyara murya.

Ya ce, "To, sai maganar bayarwa. Ka san za a sa lasifika, ga baƙi daga Gwiwa, ga mutanen gari. Kuma ka san abin da yaran zamani suka tsiro da shi a kan wannan fim. Wakilci ba abin kunya ba ne, shari'a ta yarda da shi. Ka wakilta ni kawai, kai ka zauna a gefena."

Yaya ya buɗe baki. Kafin komai ya fito Inna ta ce, "Ya yarda, Malam. Ai hakan ya fi."

Yaya ya rufe bakinsa, ya gyaɗa kai.

Ban san sanda na taso na durƙusa a gaban Baffa ba. Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ku gafarce ni. Mutumin da ya ɗauki nauyina tun ina sa ɗan kamfai, yau don wani mai fassara ya yi kukan akuya sai a ce ya koma gefe?" Baffa ya ce yarinya ba ta sa baki a wannan. Na ce aurena ne ai. Inna ta ce in tashi in ba mutane wuri kafin ranta ya ɓaci. Na tashi, amma sai da na faɗi abin da ke bakina: in ba muryar Yaya na ji ba, babu inda za ni.

Washegari daga makaranta ban zarce gida ba, shagonsa na nufa. Na tarar babu kowa sai shi. Na ce, "Yaya, kai ne fa ka ba ni littafin nan. Kai ka nuna min shafin nan. Yanzu kuma ka bi bayan 'yan fim?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya daɗe kafin ya fara, ni kuma na danne bakina da ƙyar.

Ya ce, "Masu fim ɗin ba su yi ƙarya ba. A takarda in'ina ba ta cin lokacin kowa. Kin ga shafin, kin ji tausayi, kin buɗe na gaba. Ko na littafin, wa ya taɓa jin muryarsa? A fim kuwa sai an zauna an jira shi. Sun san ba za a jira ba, shi ya sa suka cire. Ni na fi su sani."

Na ce, "Mai rediyo ai yana jira."

Ya ce, "Mutum ɗaya."

"Ni ma ina jira."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ke? Ke da kike cije leɓe kamar mai jin fitsari?"

Na so in yi dariya, kuka ya zo a maimakonta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk gardamar da na sha yi a majalisa ina cewa fim ya ci amanar littafi, ga mai littafin da kansa yana ba fim gaskiya. Na fito ina share hawaye da gefen hijabi.

A gida Inna ba ta yi min faɗa ba, abin da ta yi ya fi faɗa ciwo. Tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ke dai kina so ki ci gardama. Za ki tsayar da shi a gaban gari, a sa masa lasifika a baki, in aka yi dariya ke kina cikin ɗaki an lulluɓe ki. Shi ne zai koma tasha washegari."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji ta ƙi sauka. Tsoro ya kama ni sosai. Ina wurin ƙunshi, ƙawaye suna shewa, ni ina hango shi da abin magana a hannu, idonsa a rufe, samari suna toshe baki. Na riƙa tambayar kaina ko don shi nake wannan nacin, ko don kar a ce na faɗi. Har yau ba zan iya rantsuwa a kan ɗaya ba.

Ana jibi ɗaurin aure angon ya aiko ƙanensa da littafin, a cikin leda, babu wani saƙo. Na kira shi a waya na ce, "Ka karanta?" Ya ce ya karanta. Na ce to? Ya ce, "Har yanzu ina son fim ɗin, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma shafin nan ya riƙe min numfashi." Na ce ai ba wannan nake tambaya ba, maganar abokansa nake. Ya ce ya sani.

Ana gobe, Yaya ya shigo da yamma kawo buhun shinkafa. Na bi shi har zaure, hannuna da lalle, na durƙusa na ce, "Yaya, na janye maganata. In ka wakilta Baffa ma na yarda, wallahi har zuciyata." Ya dube ni ya ce, "Na ji." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya fita.

A ƙofar gida aka yi ɗaurin auren, da hantsi. An aro lasifikar masallacin unguwa an ɗaura a jikin darbejiya, don haka duk abin da aka faɗa a waje muna jinsa a ciki raɗau. Ni ina ɗakin Inna, an lulluɓe ni, ɗakin cike da mata. Wata gwaggo ta leƙa ta dawo ta ce Baffa ya iso, ya sha babbar riga, yana zaune dab da liman. Na ce Yaya fa? Ta ce yana nan shi ma a kusa. Inna tana gefena a bakin gado, carbi a hannunta.

Liman ya yi salati, ya yi 'yar nasiha. Ya tambayi wakilin ango, aka ce ga shi. Ya ce, "Waliyyin amarya fa?"

Aka ji motsin abin magana yana canja hannu. Sai na ji numfashi. Na san numfashin nan tun ina goye. Matan ɗakin ba su gane ba, amma Inna ta gane, carbin ya tsaya a hannunta.

Ya ce, "Ni ne." Wannan ya fito lafiya.

Wakilin ango ya ce yana nema wa ɗansa aurena, bisa sadakin da aka ambata. Abin da ya rage wa Yaya kalma uku ce, ya ce ya ba shi. Kuma duk wanda ya san shi ya san babu harafin da yake kama shi kamar na tsakiyar nan.

"Na b..."

Shi ke nan. Lasifika tana ta ɗan huci, babu komai a cikinta. Na ji kukan wani jariri a maƙwabta. Na ji babur ya wuce ta bakin layi. Na damƙe zanin gado da hannu biyu. "B... b..." Ya sake tsayawa. Sai ga ta, dariya, daga can baya, gajera, ta mutum ɗaya. Wani ya fara tayawa, sai kuma ta yanke kamar an taka ta. Har yau ban san wanda ya yi ba, ban kuma san wanda ya kashe ta ba. Na tambayi maigidana ya fi a ƙirga, cewa yake shi kansa a ƙasa yake.

Na juya na dubi Inna. Leɓenta yana motsi, tana haɗa masa kalmar daga nan inda take, kamar yadda ta saba. Sai na ga ta ɗaga gefen mayafinta ta toshe bakinta da shi, ta danne da tafin hannu.

A waje na ji muryar Baffa ƙasa-ƙasa, kusa da abin maganar, ya fara cewa, "Wato yana nufin..." Liman ya ce, "Bar shi, Alhaji."

"Na b-ba shi."

Ɗakin ya sauke numfashi gaba ɗaya. Gwaggo har ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, aka riƙe ta. A al'ada sau uku ake nema, sau uku ake bayarwa. Liman, bawan Allah, ya so ya sauƙaƙa. Na ji ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗaya ma ta wadatar, jama'a kun..."

"A'a," in ji Yaya. "S-saura."

Wayyo Allah. Na ce a raina, Yaya ka rufa mana asiri, ka ci, ka tashi haka. Ni da na tayar da gida a kan a bar shi ya yi magana, ni ce nake roƙon ya yi shiru.

Wakilin ango ya sake nema. Ta biyun ba ta zo da sauƙi ba, ta ma fi ta farko daɗewa. Babu wani harshe da ya warware. Haka ya kama kalmar yana ja, tana ƙwacewa, yana sake kamawa, duk unguwa tana ji. Amma wannan karon babu wanda ya yi ko tari. Ta fito. Aka nema na uku. Na daina addu'ar ya yi sauri, na zauna kawai ina saurare. Mata sun yi tsit, masu girki a tsakar gida sun bar motsa tukunya, mutanen da suka cika layinmu tun daga zaure har bakin titi suna zaune suna jiran yayana ya gama maganarsa. Ya gama.

Wakili ya ce ya karɓa, liman ya ce an shaida, aka amsa da ƙarfi, aka shafa fatiha. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Ni kuwa kuka nake yi wiwi, duk kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi min ta dame, ƙawaye suna cewa amarya ta fara kukan rabuwa da wuri. Na ƙyale su a haka.

Sai bayan azahar ya samu shigowa cikin gida. Shaddarsa ta jiƙe sharkaf a baya, hular tana hannunsa. Mata suka yi masa caa da barka, yana ta sunkuyar da kai. Na fito da lulluɓina na durƙusa a gabansa, na buɗe baki, karo na farko a rayuwata na rasa abin cewa. Ya dafa kaina ya ce, "Tashi, sarkin gardama. Rigar fim ɗin dai ta fi kyau, wannan ba ki isa ki musa ba."

Inna ta riga ta hango shi tun daga zaure, ta riga ta ɗebo ruwa a randa. Tana tsaye a gabansa da kofin a hannu. Ya dube ta ya ce, "Inna, a b..."

Ya maƙale. Idonsa ya rufe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na ga hannun Inna ya fara tafiya da kofin, ya tsaya a hanya. Hawaye yana bin fuskarta, ba ta ce komai ba. Ta tsaya a nan riƙe da kofin har ɗanta ya gama cewa a ba shi ruwa, sannan ta miƙa masa.